Shin Ko Kun San? Kifayen Teku Masu Jiran Suna da Kirari

Shin ko kun san cewa da wuya Bahaushe ya ga kifi ya bar shi babu suna? Da ya ga ƙaton nan da masunta ke rungumowa daga kogi ranar bikin Argungu, giwa ce ta faɗo masa a rai, sai ya ce giwan ruwa. Ga ragon ruwa, ga tarwaɗa, ga karfasa. Mai kumbura ciki idan an taɓa shi, talibamban. Mai fizgar hannun masunci, minjirya. Mai kwanciya cikin busasshen taɓo har damina ta dawo, gaiwa. Ku maimaita sunayen nan da ƙarfi, ku ji yadda suke kaɗawa a baki. Wanda ya fara cewa talibamban mawaƙi ne, ko da bai taɓa tsara baiti ba, domin sunan kansa ma kumbura kunci yake yi.

To, akwai wani babban dangin kifi da har yau ba mu raɗa wa suna ba, saboda teku ya yi mana nisa. Na Turawa muka ara, muke cewa shak. Masana kuwa sun ƙirga irinsa sama da 500. Kalma ɗaya tak, ita ma ta aro, ga halitta 500! Wannan giɓi nake so yaranmu su cike. Don haka shafin yau naku ne, 'yan makaranta, ku da iyaye da malaman da za su zauna su karanta tare da ku.

Shin ko kun san shak ya girmi itatuwa? Burbushin da masana suka tono daga cikin duwatsu ya nuna cewa danginsa suna iyo a teku fiye da shekara miliyan 400, tun bishiyar farko ba ta tsaya a doron ƙasa ba. Kuma duk jikinsa babu ƙashi. Ku taɓa kunnenku, ku lanƙwasa shi: wannan guringuntsin, da irinsa aka gina shak tun daga kai har jela. Ku da kuke famfara sau ɗaya, ku yi ta ɓoye giɓi ana yi muku dariya, shi famfara yake yi har ya mutu. Haƙoransa layi-layi suke, na gaba ya faɗi na baya ya matso, har ya zubar da dubbai a rayuwarsa.

Shin ko kun san Larabawa ƙirshu suke ce masa? Cikin bayanan da malaman tafsiri suka kawo game da asalin sunan Ƙuraishawa, ƙabilar Manzon Allah (SAW), akwai wanda aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, cewa an samo sunan daga wata dabbar teku mai ƙarfi, wadda take rinjaya ba a rinjayarta. Wasu malaman sun ce daga taruwa ne, wasu suka ce daga fatauci. Abin da ya fi burge ni shi ne hujjar da aka kafa wa bayanin farkon: wani tsohon baitin waƙar Larabci ne. Kun ga aikin waƙa ke nan, ita ce rumbun da kalma take ɓuya a ciki har jikoki su zo su same ta.

Yanzu sai mu nufi ƙasar ƙanƙara, mu gaishe da dattijo.

Shin ko kun san akwai kifin da yake raye tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kai har zamaninmu? Shak ɗin Girinlan ke nan, mazaunin ruwan sanyi na can arewacin Tekun Atlantika. A 2016, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Julius Nielsen na Jami'ar Copenhagen da ke Denmak suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan mata 28 na wannan kifi, waɗanda suka faɗa cikin tarun masunta. Tun da ba shi da ƙashin da za a ƙirga shekarunsa a jiki, sai suka duba ƙwayar idonsa, domin tsakiyarta tun yana ciki take haɗuwa, kuma ba ta sake canzawa. Babbar cikinsu, mai tsawon mita 5, suka ƙiyasta shekarunta tsakanin 272 da 512, inda lissafi ya fi karkata ga 392. Ku ɗauki ma mafi ƙanƙantar adadin, 272 ɗin. An haifi Shehu a 1754, ita kuwa tana iyo tun kafin nan. Aka yi jihadi, aka kafa Sakkwato, Turawa suka zo suka tafi, aka shimfiɗa dogo har Kano, duk tana can ƙasan ƙanƙara tana tafiyarta. Cikin duk dabbobi masu gadon baya da aka sani, babu wadda ta kai wannan kifi tsawon rai.

Sirrinsa rashin gaggawa. A shekara guda da ƙyar yake ƙara santimita 1. Macen sai ta kai wajen shekara 150 kafin ta isa haihuwa. Tafiyarsa ba ta wuce kilomita 1 da 'yan kai a awa, tsohuwa mai dogara sanda ma za ta bar shi a baya. Sau da yawa akan ga wani ɗan ƙwaro maƙale a idonsa yana reto, yana dusashe masa gani, shi kuwa yana bin hanci. Ɗanyen namansa guba ne. Mutanen Aisilan sai sun rufe shi makonni ya ruɓa, sannan su rataye shi watanni ya bushe kafin su ci, kamar yadda ake jiƙa rogo mai ɗaci a kashe masa dafi.

Irin wannan dattijo ai bai kamata ya wuce babu kirari ba. Ga nawa, ku kuma ku kawo naku:

Na ƙasan ƙanƙara, mai tafiyar hawainiya,
Sarakuna sun hau sun sauka, kana iyonka,
Wa ya riga ka, balle ka yi sauri?

Shin ko kun san kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya ba ya cizo? Shi ma shak ne. Tsawonsa kan kai mita 12, an ma auna wanda ya haura 18, wato kamar tirela da kayanta. Faɗin bakinsa ya fi mita guda, amma maƙogwaronsa ɗan ƙarami ne. Baki kawai yake buɗewa ya yi ta tafiya, ruwa na shiga yana tacewa, kamar mai tace gasara, ya haɗiye ƙananan halittun da ido da ƙyar yake gani. Masu ninƙaya kan bi gefensa bai ko kula su ba. A 1995 masunta a Taiwan suka kama wata mace, aka tarar da 'ya'ya kusan 300 a cikinta.

A nan nake so ku kasa kunne, domin a kan wannan kifi mutanen bakin teku suka nuna gwaninta. Bayansa duhu ne, an yayyafa masa fararen ɗigo-ɗigo. Mutanen Madagaska suka dube shi suka ce marokintana, wato taurari da yawa. Mutanen tsibirin Jaba a Indunusiya suka ce geger lintang, mai taurari a gadon baya. A gaɓar Kenya, masu jin Sawahili suka ce papa shillingi, shak mai sulalla, har da tatsuniyarsu cewa sulalla aka watsa masa daga sama suka manne. Masuntan nan ba su san juna ba, teku ya raba su, amma biyu daga cikinsu suka ga sararin sama a bayan kifi.

Ga inda abin ya ƙara daɗi. Ɗigon kowane kifi daban yake da na ɗan'uwansa, kamar zanen yatsa. Masana suna son su riƙa gane su ɗaya-ɗaya daga hoto, amma ƙirgar ɗigo da ido aiki ne ja. Sai wani masanin halittun ruwa ɗan Ostireliya, Brad Norman, ya haɗa kai da wani masanin kwamfuta da wani masanin taurari na hukumar NASA. Suka ɗauko lissafin da aka tsara domin gane jerin taurari a hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble, suka gyara shi, suka ɗora a kan fatar kifi, ya kuwa yi aiki. Abin da masunci ya faɗa da bakin waƙa, shi kwamfuta ta zo ta tabbatar. In wani ya ce muku kwatancen mawaƙi zancen banza ne, ku ba shi wannan labari. Ni ga ƙwar biyun da na yi masa:

Dare ya sauko ruwa da taurarinsa,
Bai cuci kowa ba duk da girmansa.

Daga ƙato sai ɗan mitsitsi. Shin ko kun san akwai shak ɗin da zai kwanta a tafin hannun babanku? Tsawonsa wajen santimita 20 ne, bai kai rular makaranta ba. Yana zaune a zurfin teku kusa da Kolombiya da Benezuwela, cikinsa kuma yana haske kamar na ƙwaron nan makesu da ke walƙiya da daddare. Hasken dabara ce ta ɓuya: maharbin da ke ƙasa in ya ɗaga ido, ba zai ga inuwarsa ba, sai ya ɗauka ɗan hasken rana ne da ke saukowa daga sama. Wato da fitila yake ɓuya! Wannan kaɗai ya isa kacici-kacici. A 2021 kuma masana suka ba da labarin wani mai haske a tekun Niyu Zilan da ke kai santimita 180, babu mai gadon baya da aka sani yana ba da haske da ya kai shi girma. Akwai ma mai aljihu: aljihu biyu gare shi kusa da fukafukan gaba, yana fesa wani ruwa mai ƙyalli daga ciki. An kama ɗaya a 1979 a Tekun Fasifik, aka sake kama ɗan'uwansa mai santimita 14 a mashigin tekun Meziko a 2010.

Shin ko kun san wani ɗan kifi da bai fi rabin mita ba ya taɓa tilasta wa jiragen yaƙin Amurka masu tafiya a ƙarƙashin ruwa komawa gida gyara? Da rana yana can ƙasa cikin duhu, da dare ya hauro farauta. Manyan da yake ci ba ya kashe su. Sai ya manna leɓɓansa a jikin wani ƙaton kifi ko dabbar ruwa, ya kafa haƙoran ƙasa masu kama da zarto, ya juya jikinsa zagaye guda, ya ɓalle tsoka, ya bar rami kewayayye sumul kamar gurbin tanda. A shekarun 1970 ya riƙa yi wa robar da ke lulluɓe da na'urar sauraren jiragen nan irin wannan yanka, har ta riƙa yoyo, sojoji suka rasa gane abokin gabar da ke yi musu ɓarna. Da aka gano shi, sai aka sa wa na'urar murfi mai tauri. Turawa sun ce masa mai yankan biskit. Mu da muka san waina, me zai hana mu ce Mai-tanda? Ku gwada wa ƙannenku wannan: ɗan ƙarami da tanda a baki, a jikin manya yake ɗibar wainarsa. Mene ne?

Wani kuma, da za ku gan shi a hoto da dare, sai kun ƙara matsawa kusa da Inna. Hancinsa dogo ne, shimfiɗaɗɗe kamar takobi. Jikinsa ja-ja ne, domin fatarsa shara-shara ce, jijiyoyin jini ake hangowa. In abinci ya gitta, muƙamuƙinsa gaba ɗaya yake harbowa waje daga cikin kai, da saurin kusan mita 3 a daƙiƙa, ya cafke, ya koma. A 1898 masana suka fara bayyana shi, daga wanda aka kama kusa da Yokohama a Japan. Masuntan can sun riga sun sa masa suna tenguzame, saboda tengu, wani dodon tatsuniyarsu mai dogon hanci. Wannan ban ba shi sunan Hausa ba, da gangan.

Na san wani zai ce, yaya yaron Gumel ko na Maraɗi, wanda bai taɓa ganin teku ba, zai yi wa kifin teku waƙa? Shin ko kun san Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami? Da kunne da zuciya ya tsara baitocin da har yau ake rerawa, masu ido suna ganin hoto a cikinsu. Shin ko kun san da aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya iso ƙasar Zazzau, Sarki Aliyu Ɗansidi waƙa ya yi a kai, wadda ake kira Waƙar Diga? Baƙon abu bai taɓa gagarar waƙar Hausa ba. In ya shigo, sai ta ba shi tabarma, ta tambaye shi sunansa.

Abin da ke damuna shi ne yadda sau da yawa muke koyar da waƙa a aji. Yaro zai haddace ma'anar ɗango da baiti da amsa-amo, ya jero ƙwar biyu har zuwa ƙwar biyar, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa tsara layi biyu nasa na kansa ba. Kamar a koya wa mutum sunayen kayan doki ne, a hana shi hawa. Alhali in ka nuna wa yaro hoton mai dogon hancin nan, kafin ka rufe baki zai ce, "Kai! Kamar takobi!" To ya yi kamance. In ya ce, "Wannan ai dodo ne," ya yi siffantawa. In ya ce kifin yana fushi da shi, ya yi mutuntarwa. Malam, a bar shi ya fara yi, a gaya masa sunan abin da ya yi daga baya. Mamaki ne ke buɗe bakin yaro, kifayen nan kuwa mamaki ne zalla.

Mu koma ruwa. Shin ko kun san akwai shak mai tafiya da ƙafa? Yana zaune a ruwa marar zurfi a gaɓar Ostireliya da Niyu Gini, bai cika kai mita guda ba. Idan ruwan teku ya janye ya bar 'yan kududdufai a kan duwatsu, sai ya dogara fukafukansa huɗu ya riƙa rarrafe daga wannan zuwa wancan, yana tsintar ƙaguwa da tsutsa. In iskar da ke cikin kududdufin ta ƙare, yakan rage aikin wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, ya jure fiye da awa guda. Ku da kuka san gaiwa da tarwaɗa ba za ku yi musun wannan ba. Danginsa da aka sani duk masu rarrafe ne. Yana da babban baƙin tabo a kowace kafaɗa kamar hafsan soja, don haka ni Mai-anini nake ce masa.

Talibamban ma yana da takwara a gaɓar Kalifoniya. In ya ji tsoro sai ya shige tsagar dutse, ya lanƙwashe ya kama jelarsa da baki, ya yi ta haɗiyar ruwa har ya ninka kaurinsa, ya cushe wurin, babu mai iya zaro shi.

Mai kan guduma fa? Idanunsa biyu suna can ƙarshen kai, ɗaya gabas ɗaya yamma, yana ganin sama da ƙasa a lokaci guda. Ƙarƙashin kan kuwa cike yake da 'yan ƙofofi masu jin lantarki. Minjirya ita take bayar da lantarki, shi kuma shak ji yake yi. Duk mai rai in tsokarsa ta motsa yana fitar da ɗan lantarki kaɗan, saboda haka ko kifi ya binne kansa cikin yashi ya yi lamo, motsin jikinsa zai tona masa asiri. Wani likita ɗan Italiya, Stefano Lorenzini, shi ya yi bayanin ƙofofin nan a 1678, har yau da sunansa ake kiransu. Masu kan guduma sukan taru garke-garke a Bahar Maliya, kusa da Fot Sudan. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suka shiga jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda, ta kan ruwan kifayen nan suka ƙetare.

Abincin da babban mai kan guduma ya fi so wani faffaɗan kifi ne kamar faifai, mai ƙari a jela, wanda yake dannewa da kai kafin ya ci. Shin ko kun san irin wannan faffaɗan kifi yana cikin kogunanmu? Yana nan a Binuwai da Kwara, masunta na ce masa kunamar ruwa. Shi ma guringuntsi ne jikinsa, ɗan'uwan shak ne na kusa. Sunan da masana suka ba shi a 1962 daga garin Garwa na Kamaru aka samo shi. Yau ya yi ƙaranci ƙwarai, har an sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Kun ga ashe dangin nan ba baƙinmu ba ne gaba ɗaya, kuma wanda ya zo kusa da mu a cikinsu tuni ya sami suna mai daɗi.

Kaɗan daga cikin sauran, a gurguje. Akwai wanda jelarsa ta kai tsawon sauran jikinsa. A Filifins an ɗauki hotonsa yana kutsawa cikin garken ƙananan kifaye, ya ci birki, ya zabgo jelar ta saman kansa, ya sumar da su. Turawa mai sussuka suke ce masa, ni na fi son Sarkin Bulala. Akwai ƙaramin mai kan shebur da aka tabbatar a 2018 cewa ciyawar teku yake ci yana narkar da ita, wani lokaci ma ita ce fiye da rabin abin da ke cikinsa. Akwai mai shiga ruwan daɗi, wanda a kudancin Afirka ake kiransa da sunan kogin Zambezi, an kuma same shi a Iquitos ta ƙasar Peru, sama da kilomita 3,000 daga bakin teku. Akwai mai ƙwai murɗaɗɗe kamar kusar sukuru, yana maƙalewa a tsagar dutse igiyar ruwa ba ta iya ɗauke shi. Sai mai ƙaton baki, tsawon mita 4 da rabi, wanda babu masanin da ya san da shi sai ranar 15 ga Nuwamba, 1976, da ya sarƙe a jikin igiyar wani jirgin sojan ruwa kusa da Hawai. A 1995 an sami ƙaraminsa a gaɓar Senegal. Ƙato irin wannan ya ɓuya wa masana har 1976. Ku yi tunanin abin da ya rage a can ƙasa.

Shin ko kun san shak ne ya kamata ya ji tsoronmu? A duk duniya, mutanen da yake kashewa a shekara wajen 10 ne, sau da yawa ma ba su kai ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana kashe kusan 600,000. Mu kuma, bisa ƙiyasin da masana suka fitar a 2013, muna kashe shak kusan miliyan 100 kowace shekara, wasu don nama, wasu don fukafukan da ake miya da su a wasu ƙasashen Asiya. Akan yanke fukafukan a jefa kifin ruwa da ransa, ya nutse ya mutu, wannan kuwa zalunci ne da babu addinin da ya yarda da shi. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Kifin da sai ya shekara 150 kafin ya haihu, yaushe zai mayar da abin da aka kwashe?

Mummunan sunan da ya yi ma alƙalami ne ya ƙara masa. A 1974 wani marubuci Ba'amurke, Peter Benchley, ya fitar da littafinsa Jaws, a kan shak mai cin mutane, aka mayar da shi fim a 1975, duniya ta tsorata. Daga baya marubucin ya fahimci kifin sosai, ya ƙare rayuwarsa yana kiran a kare shi. Ku da za ku riƙe alƙalami gobe, ku san cewa abin da kuka rubuta a kan wata halitta yana iya bin ta shekaru.

'Yan mata, wannan naku ne. Shin ko kun san ɗaya daga cikin manyan masanan shak na duniya mace ce? Eugenie Clark, an haife ta a Niyu Yok a 1922. Tana da shekara 9 aka fara kai ta gidan kallon kifaye, ta manna fuska a jikin gilashi, daga nan ba ta sake waiwayawa ba. Ita ta nuna cewa ana iya koya wa shak danna wani allo don ya sami abinci. Ita ta gano cewa wani faffaɗan kifi na Bahar Maliya yana fitar da wani farin ruwa mai korar shak. Tana da shekara 92 ta yi nutsonta na ƙarshe a teku, ta rasu a 2015.

Wanda na ajiye muku a ƙarshe shi ne wannan. Shin ko kun san akwai shak ɗin da yara suka raɗa wa suna, duniya kuma ta karɓa? A 2015 wata matashiyar masaniya a Kalifoniya, Vicky Vásquez, ta bayyana wani sabon iri da aka kamo daga zurfin Tekun Fasifik, kusa da Amurka ta Tsakiya. Baƙi ne ƙirin, bai fi rabin mita ba, da ɗan haske kaɗan a jiki. Sunansa na kimiyya ta sa Etmopterus benchleyi, don tunawa da marubucin nan da ya koma kare shak. Sunan da jama'a za su riƙa kira kuwa, sai ta shawarci wasu yara 'yan'uwanta, masu shekara 8 zuwa 14. Suka ji labarin baƙin jikinsa da yadda yake saɗaɗa cikin duhu, suka ce ai wannan ninja ne, irin na fim. Da sunan nan ake kiransa yau a littattafan masana. Yaran nan ba su fi ku kai ba, ba su fi ku baki ba.

Ranar 21 ga Maris ita ce Ranar Waƙa ta Duniya, wadda hukumar UNESCO ta ware tun 1999. Ranar 14 ga Yuli kuma ta wayar da kai ce game da shak. Malamai, ku riƙe ranakun nan biyu, amma kada ku jira su. A nemo hoto ko da a waya ne, a zagaya da shi cikin aji, a ba kowane yaro kifi ɗaya. Iyaye, in yaro ya kawo muku ɗango biyu, ku ajiye abin da kuke yi ku saurara har ƙarshe, ku ce ya sake rerawa.

Ku kuma yara, ku fara da suna, sai kirari, sai baiti. Ku rera da ƙarfi, inda harshe ya yi tuntuɓe ku gyara. Mai dogon hancin nan na Japan yana nan yana jira. Ku raɗa masa suna yau da dare, gobe da safe ku kai wa malaminku na Hausa.